Neman Asali a Intanet: Ba Kowane Audu ne Kakanka ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwana matasa, kwanaki wani ɗalibina a nan Rimin Gado ya same ni bayan La'asar da wayarsa a hannu, ransa a ɓace. Ya ga sunan wani Audu a wata tsohuwar takarda da ke maganar 'yanta bawa, sai ya yanke cewa kakan kakansa ne. Har ya fara tsoron kada zancen ya kai gidan da yake neman aure.

Bari mu fara da asalin waɗannan takardu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, zamanin Sarki Abbas (1903 zuwa 1919), rubuce-rubucen mulki suka yawaita: lissafin haraji da jangali, awon gonaki da taki, da shari'o'in gado da na 'yanci, domin ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Da yawansu suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, wasu a Gidan Ɗan Hausa a Kano. A 2004 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara wani shiri na ceton takardun da ke neman lalacewa. A ƙarƙashinsa aka ɗauki hoton wasu daga cikin na Kaduna, na Larabci da na Turanci, aka sa su a intanet kyauta.

Wannan ni'ima ce, amma tana da tarko. Bature bai rubuta don ya adana mana nasaba ba, haraji yake nema. Don haka sunan hakimi da dagaci za ka fi gani, talaka kuwa sau da yawa adadi ne kawai. An jera fayilolin bisa gundumomin wancan zamani, ba ƙananan hukumomin yau ba. Sannan a ƙauye ɗaya sai a sami Audu biyar.

Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan matsala. Alkhaɗib Albagdadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum, Almuttafiƙ wal Muftariƙ, kan maruwaitan da sunansu ɗaya amma mutanen daban. Ba sa yanke hukunci sai sun san uba da gari da zamani.

Haka muka yi. Muka je wurin kakarsa, ta lissafo iyaye huɗu, ta faɗi garin da suka taso da yunwar da ta koro su. Ashe Audun takarda wani ne daban.

Amma na tambaye shi: in da shi ne fa? Bilal (RA) 'yantacce ne, kuma shi ne ladanin Manzon Allah (SAW). Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta sanya fifiko a taƙawa, kuma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa sukar nasaba ɗabi'ar jahiliyya ce. An umarce mu da sanin dangi ne domin sada zumunci.

Saboda haka kafin ka buɗe kwamfuta, je ka durƙusa gaban tsohuwar gidanku da biro da takarda. Fayil zai jira ka, ita ba za ta jira ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.

Wassalamu alaikum.