Bayani a kan kalmar "hurumi" da gaɓar Kwara a Gaya

A shafi na huɗu akwai kalmar da na fara karantawa "harami", don wasalin ya goge. Hurumi ce, watau filin da ke bin rijiya ko kogi, wanda malaman Malikiyya ke kawowa a babin raya matacciyar ƙasa. Nufin mai rubutun shi ne, mai gona a bakin Kwara gonarsa tasa ce, ya ɗebi ruwa ya shayar da ita, amma ba shi da ikon toshe mashaya ko hana Sorkawa ɗaure jirgi. Kifi kuwa sha'anin sarkin ruwa ne.

Na daɗe a kan wannan layi domin mas'alar ta sake tasowa tsakanin ƙasashe biyu. A shari'ar tsibirin Lete, Benin ta ce iyakarta ita ce gaɓar hagu, ɓangaren Gaya. Da an yarda, da mutanen Gaya sun tashi da gaɓa ba ruwa. Kotun Duniya, ran 12 ga Yuli 2005, ba ta karɓa ba. Ta dubi yadda Faransawa suka gudanar da wurin, har da wasiƙar kwamandan Gaya ta 1914, ta sa iyaka a mafi zurfin hanyar jirgi. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16, da Lete a ciki. Ko a gadar Gaya da Malanbil, iyakar wannan zurfin take bi, ba tsakiyar gada ba.