Bishiyar na'urori da tarihin raba wa ƙafafun cif aiki

Bishiyar na'urori, wadda ƙa'idarta ke ɗauke da sunan Devicetree, tsarin bayanai ne da ke sanar da manhajar da ke tafiyar da kwamfuta irin kayan da ke kan bod ɗinta: wane furosesa ne, ma'adanar bayanai nawa ce, wace na'ura ke zaune a wane adireshi, kuma wace ƙafa ta cif ke yin wane aiki. Ana rubuta bayanan reshe-reshe. Bod ɗin shi ne tushe, kowace na'ura reshe ce mai ɗauke da siffofinta. An fi cin karo da ita a ƙananan kwamfutoci masu bod guda, irin su BeagleBone da Raspberry Pi, da wayoyin Android da sauran na'urori masu aiki da Linux a kan furosesan ARM.

Babbar kwamfutar tebur ba ta cika buƙatarta ba, domin kayan da ke kan PCI ko USB suna faɗin sunansu da kansu idan aka tambaye su, sauran kuma tsarin ACPI ke bayyana su. A ƙaramin bod, yawancin na'urori ba sa iya gabatar da kansu. Idan ba a gaya wa Linux cewa akwai tashar UART a adireshi kaza ba, ba zai taɓa sanin tana nan ba.

Asali

Tushen abin yana kamfanin Sun Microsystems na Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 injiniya Mitch Bradley ya jagoranci ƙirƙirar OpenBoot, manhajar tayar da kwamfutocin SPARC, wadda aka gina da harshen Forth. A 1994 hukumar IEEE ta mayar da ita ƙa'ida mai lamba 1275, aka san ta da Open Firmware. Apple ya yi amfani da ita a kwamfutocin Macintosh masu furosesan PowerPC, haka ma IBM. A wancan tsari, manhajar tashi ce ke gina bishiyar da kanta yayin da aka kunna inji, sannan babbar manhaja ta riƙa yi mata tambayoyi.

Wajen 2005 masu kula da Linux na PowerPC suka fuskanci ƙananan injuna da ba su da Open Firmware kwata-kwata. Benjamin Herrenschmidt ya fito da dabarar matse bishiyar ta zama dunƙule ɗaya na bayanai da za a miƙa wa kanel, wato zuciyar Linux, lokacin tashi, David Gibson kuma ya rubuta dtc, manhajar da ke karɓar rubutun da mutum ke iya karantawa, wato fayil mai ƙarshen .dts, ta mayar da shi .dtb da inji ke karantawa. A 2008 ƙungiyar Power.org ta shigar da tsarin cikin ƙa'idar ePAPR.

Rikicin ARM

A ɓangaren ARM kuwa, kowane bod yana da nasa fayil na harshen C a cikin kanel, da lambar shaida da ake yi masa rajista. Kamfanoni sun yi ta kwafar aikin juna suna sauya 'yan layuka, har wannan sashe na kanel ya kumbura. Kanel da aka haɗa don cif ɗin wani kamfani ba ya tashi a kan na wani. A watan Maris na 2011 Linus Torvalds ya fito fili ya nuna cewa ya gaji da wannan hargitsi. Daga nan aka ɗauki gyara da gaske. Grant Likely, wanda ya daɗe yana ƙoƙarin kawo bishiyar na'urori zuwa ARM, ya ga aikinsa ya shiga kanel a wannan shekarar. Linus Walleij ya rubuta sashen pinctrl, mai kula da ƙafafun cif, wanda ya shiga Linux 3.2 a farkon 2012. A ƙarshen 2012, da Linux 3.7, aka fara samun kanel ɗaya mai iya tashi a kan cif ɗin kamfanoni daban-daban.

Ƙafa ɗaya, ayyuka takwas

A wajen ƙafafu ne mai koyo ya fi haɗuwa da wannan tsari. Ayyukan da ke cikin cif sun fi ƙafafunsa yawa nesa ba kusa ba, don haka kowace ƙafa tana da makunni a ciki da ke zaɓar mata aiki ɗaya daga cikin da yawa. A AM335x na kamfanin Texas Instruments, wanda ke cikin BeagleBone, ƙafa na iya ɗaukar har yanayi takwas, daga 0 zuwa 7, kuma na 7 shi ne GPIO, wato shigar da sigina ko fitar da ita kai tsaye.

A ɗauki ƙafa ta 24 a jerin P9, ɗaya daga cikin jerin ramuka biyu na BeagleBone. A yanayi na 0 ita ce bakin aika saƙo na UART1. A na 2 tana karɓar saƙon CAN, irin layin da na'urorin cikin mota ke magana ta kansa. A na 3 ita ce agogon I2C1, a na 7 kuma GPIO ce. Rajistarta tana 0x184. Mai son buɗe UART1 zai rubuta lambobi biyu a bishiyar, 0x184 da 0x20, ya yi wa ƙafa ta 26 irin haka a 0x180. Lamba ta biyun a cike take da ma'ana: bit uku na ƙasa ne ke zaɓar yanayi, na gaba da su yana kunna ko kashe rasistar da ke riƙe ƙafar, na bayansa yana cewa sama za a ja ta ko ƙasa, sai kuma wanda ke buɗe hanyar shigowar sigina. Daga nan reshen UART1 zai ambaci wannan rukuni ta siffar pinctrl-0, a sauya status ɗinsa zuwa okay. Idan direbobi biyu suka nemi ƙafa ɗaya, pinctrl zai hana na biyun. Wannan kariya ita kaɗai ta isa ta biya wahalar koyon tsarin, domin kafin ta na'urori biyu na iya ja-in-ja a kan waya ɗaya ba tare da kowa ya ankara ba.

BeagleBone Black ya fito a Afrilun 2013 a kan dala 45, da jeri biyu, P8 da P9, kowanne mai ramuka 46, da kanel 3.8. Masu tsohon BeagleBone na 2011 sun saba sauya aikin ƙafa da layi ɗaya na umarni a omap_mux. Kwatsam sai ga shi dole su koyi rubuta bishiya, su harhaɗa ta, su loda ta. Da yawa sun koka, kuma kukansu na da hujja: gyaran ya sauƙaƙa wa masu kula da kanel, amma ɗalibi da mai ƙirƙira a gida ne suka fara ɗaukar nauyinsa. Ga kuma ƙafafu talatin na P8 da HDMI da ma'adanar eMMC suka riga suka mamaye, sai an kashe su kafin a samu wurin.

Faci a kan bishiya

Akwai matsala ta biyu. Bishiyar tana bayyana bod kamar yadda ya fito daga masana'anta, alhali waɗannan kwamfutoci an yi su ne don a riƙa jona musu ƙarin kaya. Pantelis Antoniou ya warware wannan da ƙaramin fayil da ake ɗorawa a kan babbar bishiya kamar faci, ya sauya reshe biyu ko uku ya bar saura yadda suke. Ƙananan bod da ake ɗora wa BeagleBone, masu suna cape, suna ɗauke da ƙaramar ma'adana ta EEPROM mai faɗin sunansu; da farko manhajar capemgr ce ke karanta ta, ta lodo facin da ya dace. Dabarar facin ta shiga babban kanel a Linux 3.19 a 2015. Charles Steinkuehler ya samar da config-pin, wadda ta dawo da sauya ƙafa da layi ɗaya, daga baya kuma aka mayar da loda faci hannun manhajar tashi ta U-Boot ta fayil ɗin uEnv.txt, kafin kanel ya tashi.

Raspberry Pi, wanda ya fito a Birtaniya a Fabrairun 2012, ya bi hanya mai sauƙi. Ƙa'idar HAT ta 2014 ta ƙananan bod da ake ɗora masa, da ta zo tare da jeri mai ƙafa 40, ta tanadi EEPROM mai iya ɗaukar bayanin bishiya, kuma a farkon 2015 tsarin ya zama shi ne na yau da kullum. Mai son jona na'urar auna zafi ta DS18B20 layi ɗaya zai ƙara a config.txt, dtoverlay=w1-gpio, manhajar tashi ta haɗa facin ta ware masa GPIO4.

A 2016 aka fitar da ƙa'idar Devicetree mai zaman kanta, wadda ta gaji ePAPR. Rob Herring ya jagoranci rubuta dokokin kowace na'ura da YAML, ta yadda inji zai iya gano kuskure a bishiya kafin a kunna bod. U-Boot da FreeBSD da Zephyr duk suna amfani da tsarin, haka ma Linux na RISC-V. Tun farko an so a ce fayil ɗin .dtb yana zaune a bod, kowane sabon kanel ya karɓe shi yadda yake. A aikace, yawancin fayilolin .dts har yau suna cikin rumbun kanel, ana sabunta su tare da shi, kuma faci da aka rubuta wa tsohon kanel kan ƙi aiki a sabo.