Digirin Injiniyan Kayan Asibiti: Albashin Wa Ake Ƙirgawa?

A shekarar 2012, da kuma 2013, kafar CNNMoney ta ɗora aikin injiniyan kayan asibiti, wanda ake kira bayomedikal, a saman jerin ayyuka mafi kyau a Amurka. Tun daga nan hujjar ta zama abin da masu tallata kwasa-kwasai ke maimaita wa iyaye: albashi mai tsoka, buƙata mai hauhawa, don haka digirin zai biya kuɗinsa. Wannan maƙala ba ta musanta alƙaluman ba. Abin da take ja da shi shi ne yadda ake karanta su, domin ga dukkan alamu an ɗauki albashin mai riƙe da kujera an liƙa wa mai riƙe da takarda.

Batun ɗaukar ilimi a matsayin jari sananne ne tun littafin Gary Becker na 1964, haka ma raddin Michael Spence na 1973 cewa takardar shaida sau da yawa alama ce kawai ga mai ɗaukar aiki. Ba sai an maimaita ba. Inda gardamar take shi ne a alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka. Na watan Mayun 2023 sun nuna cewa albashin tsakiya na wannan aiki, wato wanda rabin ma'aikata ke samun sama da shi rabi ƙasa da shi, dala 100,730 ne a shekara. Kuɗi ne masu kauri. To amma injiniyan kanikanci yana samun dala 99,510 a wancan lokacin, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya raba su shi ne faɗin ƙofa: a lokacin, guraben injiniyan kanikanci sun doshi 290,000, na bayomedikal kuwa kusan 20,000 ne kacal. Jami'o'in ƙasar na yaye dubban ɗalibai a fannin kowace shekara, guraben da ke buɗewa a shekara kuma ba su kai 2,000 ba.

Hasashen da ya haifar da ɗokin ma ya cancanci a waiwaye shi. Hukumar ta yi hasashen cewa guraben za su ƙaru da kashi 72 cikin 100 tsakanin 2008 da 2018, daga kusan 16,000. Da hakan ta tabbata, da sun haura 27,000. Ba su kai 20,000 ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Gidauniyar Whitaker ta zuba sama da dala miliyan 700 a fannin kafin ta rufe a 2006, kaso mai yawa wajen kafa sassa da ɗaukar malamai a jami'o'i. Alheri ne babba ga bincike, babu ja. Sai dai ana iya cewa azuzuwa sun faɗaɗa ne da kuɗin gidauniya, da saurin da kasuwar aiki ba ta bi ba.

Mai kare ra'ayin CNNMoney yana da amsa, kuma ba amsar da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ce. Zai ce ƙirga masu laƙabin aikin kaɗai zalunci ne ga digirin. Ɗalibin da ya karanta lissafi, kimiyyar jikin ɗan Adam, lantarki da sarrafa kwamfuta ba ya zaman jiran gurbi ɗaya. Wasu na shiga makarantar likitanci, wasu na aikin tabbatar da inganci ko shirya takardun neman amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wasu na sayar da na'urori ga asibitoci, wasu na rubuta manhaja. Duk waɗannan, a cewarsa, ribar digirin ce da ƙididdigar ba ta gani.

Rabin wannan magana gaskiya ne, kuma shi ya sa ba za a ce digirin asara ba ne. Amma wanda ya kawo ta ya saki hujjarsa ta farko ba tare da ya lura ba. Idan akasarin waɗanda aka yaye suna wasu ayyuka ne, to dala 100,730 ba albashinsu ba ne, na 'yan ƙalilan da suka samu kujerar ne, kuma cikin waɗannan akwai masu digiri na biyu da na uku da shekaru masu yawa a bakin aiki. Wanda ya zama likita kuwa, kuɗin da yake samu na digirin likitanci ne, wanda ya ci masa ƙarin shekara 4 da bashin da kan kai dala 200,000, kuma da digirin kimiyyar halittu ma zai iya shiga. Ba daidai ba ne a rubuta wannan riba a littafin bayomedikal.

Akwai kuma abin da amsar ta tsallake gaba ɗaya. Kamfanin da ke ƙera na'urar daidaita bugun zuciya yana buƙatar wanda ya nutse a lantarki, mai ƙera gwiwar roba da ƙarfe yana buƙatar wanda ya nutse a kanikanci, kuma yana ɗaukar su kai tsaye. Ba sabon abu ba ne: Earl Bakken, wanda ya haɗa hannu wajen kafa kamfanin Medtronic a Minneapolis a 1949 ya kuma haɗa na'urar bugun zuciya mai batir a 1957, injiniyan lantarki ne. Ƙofar a buɗe take ta gefe ɗaya. Injiniyan lantarki na iya shiga masana'antar lafiya, amma da wuya kamfanin wutar lantarki ko na motoci ya fifita ɗan bayomedikal a kan wanda ya yi shekara 4 a fannin. Wannan damar sauya hanya idan kasuwa ta juya baya tana da darajar kuɗi, ko da ba ta fitowa a jadawalin albashi.

A nan dole a taƙaita da'awar zuwa abin da hujja za ta iya ɗauka. Alƙaluman na Amurka ne, kuma sun fi shafar wanda zai tsaya a digirin farko. Ga mai niyyar ci gaba zuwa bincike, ko wanda jami'arsa ke kusa da cibiyoyin masana'antar kamar Minneapolis da Boston, kuma ya samu horon aiki a kamfani tun yana ɗalibi, lissafin na iya yin kyau ƙwarai.

Haka kuma ba za a kwaso alƙaluman a sauke a Ilorin, Legas ko Akara ba, inda jami'o'i ke koyar da kwas ɗin. Buƙatar a wannan yanki ta gyara ce da kulawa fiye da ƙira. Binciken Lora Perry da Robert Malkin na 2011, wanda ya duba na'urori sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya samu kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Duk wanda aka taɓa mayar da mara lafiyarsa gida saboda injin hoto ko na wankin ƙoda ya lalace ya san nauyin wannan adadi. Sai dai buƙata ba ta zama albashi sai an ware mata kasafi, kuma a asibitin gwamnati matakin albashi ne ke yanke abin da injiniya zai karɓa, komai yawan na'urorin da ya tayar. Kuɗin sun fi zama a hannun wakilan kamfanoni irin su GE da Siemens masu riƙe da kwangilar kula da injinan, kuma su ma sun fi tambayar wace na'ura mutum ya iya kwancewa ya mayar.