Ƙasar Sudan da Koginta: Daga Meroe zuwa Jazira



Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano cikin watan Janairu, ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga gonaki kore shar alhali sauran ƙasa ta bushe. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma shi ne ya sāke rayuwar manoman Kura da Bunkure da maƙwabtansu na Madobi. To, akwai wata ƙasar Larabawa da ta riga mu irin wannan aiki da shekara hamsin, kuma da guminmu a cikinsa, watau Sudan. Tarihinta tun daga farko tarihin kogi ne, da na wanda ke da iko da ruwansa.

Sunan kansa ya shafe mu. Malaman Larabawa na dā suna kiran dukan shimfiɗar da ke kudu da Sahara, tun daga Bahar Maliya har tekun yamma, Biladus Sudan, ƙasar baƙaƙe, har da ƙasar Hausa a ciki. Daga baya sunan ya tsaya kan ƙasa guda, wadda ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1956, ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a wannan shekara. Ita ce mafi faɗi a Afirka har 2011, sa'ad da kudancinta ya ɓalle, sai ta koma ta uku bayan Aljeriya da Kwango.

Arewacinta hamada ce, ana iya shekara ba a ga ruwan kirki ba. Abin da ya sa mutum ya zauna a can shi ne Nilu. Farin Nilu yana fitowa daga tafkin Biktoriya, ya taho a hankali. Shuɗin Nilu kuwa daga tafkin Tana na Habasha yake, da damina ya sauko da ƙarfi ɗauke da laka. Suna gamuwa a Khartum. Filin da ke tsakaninsu kafin su gamu shi Larabawa suka kira Jazira, watau tsibiri. Ƙasa ce baƙa mai laka, shimfiɗaɗɗiya, mai ɗan gangare. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daula ta farko da aka sani a bakin kogin ita ce Kerma, wadda ta kafu wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, ta yi kusan shekara dubu kafin Fir'aunonin Masar su ci ta da yaƙi. Babban gininta na tubalin ƙasa yana nan tsaye. Misirawa suna kiran ƙasar Kush. Da ƙarfin Masar ya ragu, sai reshe ya juye da mujiya: Sarki Piye ya taso daga Napata, gindin dutsen Barkal, cikin ƙarni na takwas kafin haihuwar Annabi Isa, ya cinye Masar. Zuriyarsa, har da Taharka, suka yi mulkinta shekaru da dama, sai da Assuriyawa suka kore su.

Daga nan cibiyar mulki ta matsa kudu zuwa Meroe, arewa da Khartum ta yanzu. Nan ne ya kamata mu daɗe. Sarakunan Kush sun gina dala a kan kaburburansu, fiye da 200, sun ɗara na Masar yawa ko da yake ba su kai su girma ba; mutumin Kano da ya ga hoton dalar gyaɗa ba ya bukatar a kwatanta masa siffarsu. Suna da rubutun kansu mai harafi 23. An gane furucin haruffan tun 1911, amma harshen bai gama buɗuwa ga masana ba, sai ka iske malami yana karanta rubutu da baki bai san abin da ya faɗa ba. Mata sun yi sarauta da laƙabin Kandake, ɗayarsu, Amanirenas, ta gwabza da Rumawa. Sun kuma narka tama, har tulin kashin ƙarfe yana nan a gefen birnin. Wannan ne ya sa marubutan dā suka ce daga Meroe ƙira ta zo Afirka ta Yamma. A ganina maganar ba ta da ƙafa, gama matoyar ƙarfen da aka tono a Taruga, ta mutanen Nok, ba ta gaza ta Meroe tsufa ba.

Abin da ya fi dala muhimmanci gare mu shi ne dabarar ruwa. Nesa da kogi sun haƙa manyan tafkuna na tara ruwan sama, waɗanda ake kira hafir, sunan da mutanen Sudan ba su daina amfani da shi ba. Na Musawwarat faɗinsa ya haura mita 200. A bakin kogi sun fara da jigo, irin wanda masu lambu suka sani a fadamunmu. Wajen ƙarshen zamanin sai sakiya ta shigo, watau gargare da aka ɗaura wa tuluna, shanu na juya shi. Jigo ba ya shayar da abin da ya wuce ɗan lambu, amma sakiya tana hau da ruwa kan tudu ta shayar da gona.

Meroe ta faɗi wajen shekara ta 350. Masarautun Kirista uku suka gaje ta, mafi ƙarfinsu Makuriya mai hedkwata a Dongola. A 652 rundunar Musulmi ta Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarh ta kewaye Dongola, ta gamu da maharban da Larabawa suka yi wa laƙabi da masu harbin ido, aka ƙare da yarjejeniyar Baƙt, wadda ta yi kusan shekara 600. Saboda haka Musulunci ya shiga ne sannu, ta hanyar fatake da makiyaya da auratayya da shehunan ɗariƙa. A 1317 aka mai da zauren sarautar Dongola masallaci, a 1504 kuma Amara Dunƙas ya kafa daular Funj a Sinnar.

Wannan cuɗanya ce ta haifi mutanen Sudan. Akwai Ja'aliyyin da Shaiƙiyya a bakin kogi, Nubawa a arewa, Beja wajen teku, Fur da Zagawa da Masalit a Darfur, da Baggara masu shanu, 'yan'uwan Shuwa na Barno. Larabci ya haɗa su, amma ba dukansu ne Larabawa ba. Baƙo daga nan ba zai ji baƙunta sosai ba: abincinsu kisra da asida na dawa ne, yara suna karatu da allo da tawada a makarantar da suke kira khalwa, ga Ƙadiriyya da Tijjaniyya.

Hanyar hajji ce ta kai mu can. Alhazai kan tashi a ƙasa ta Barno da Wadai da Fashir, su nufi Sawakin su haye zuwa Jidda, suna tafe suna ƙwadago, tafiyar shekaru. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu ba su komo ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, garin ya ci sunansa.

Ba a jima ba Ingilishi suka gina madatsar Sinnar, aka gama a 1925, don a noma wa masaƙun Lankasha auduga a Jazira. Gangaren nan da na ambata shi ke kai ruwa gonaki ba tare da inji ba, kamar dai na Tiga. Bayan ƙarin Manaƙil filin ya kai kusan hekta 880,000. Ku gwada da hekta 22,000 da aka tsara wa kashin farko na aikin Kogin Kano. Sai dai tsarin ya bambanta. A Jazira gwamnati ta karɓi ƙasar haya ta yanka wa manoma, ta tilasta musu auduga, ana raba riba tsakaninta da kamfani da manomi. A nan kuwa an mayar wa manomi gonarsa, shi ya sa ya iya rage alkama ya rungumi shinkafa da tumatir.

Tsinkar audugar Jazira, babban kasonta Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen yammacin Sudan ne suka yi. Ana kiran namu Fallata ko Takari. Kaɗan suka sami gona, yawanci suka zauna a sansanonin gefen magudanai da ake kira kambo, dokokin zama ɗan ƙasa kuma suka daɗe suna ɗaukar jikokinsu baƙi. Maganar ƙasa da sarautar gargajiya ce ta jawo rikicin jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, inda aka kashe mutane fiye da ɗari. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya isa Wad Madani, babban birnin Jazira, a Disambar wannan shekara, sojojin gwamnati ba su sake karɓe shi ba sai a Janairun 2025.