Kaba 'Yar Goriba Ce

Ran Talatar da ta wuce na shiga kasuwar Kawo neman faifai da tabarmar kaba don auren ƙanwata. Wallahi sai da na zaga har ƙafata ta yi tsami kafin na samu wajen wani dattijo, ta roba kuwa ga ta nan tuli. Da ya faɗi kuɗin na ce, "Haba Baba, zinare ce?" Ya ce, "'Yata, kabar ce ta yi nisa."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin nan cika yake yi, kuma kowane gida sai da tabarma, faifai, mafici da igiya. Yawancin kabar daga can arewa ake kawo mana ita. A ƙasar Maraɗi ma akwai kwari guda mai suna Gulbin Kaba, wajen Mayahi da Tasawa.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba, 'yan'uwana mata, kaba ba wata tsiro ce daban ba, goriba ce tana ƙarama. Ɗanyen ganyen tsakiya da bai buɗe ba shi masaƙa suka fi so, shi ne kuma ran bishiyar. In ana yanke shi kullum, haka za ta dawwama a tsugune, ba tsayi, ba 'ya'ya, balle iri. Kakata, Allah ya jiƙanta, in sun fita yanka takan ware wasu tushe ta ce waɗannan na jikoki ne. Da muna yi mata dariya.

Farin 1973 da na 1984 suka ɓata wannan lissafi. Mai yunwa ina ya ga ta jikoki? Aka dinga yanka ana sayarwa don a sayi gero. Daga 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi a kan barin tohon itatuwa a gona, a zaɓi masu ƙarfi a rene su. Ashe dabarar kakata ce.

Na biya dattijon yadda ya ce, ban ƙara tayawa ba. Na ɗauki tabarma biyu da faifai shida, ya yi min gyaran mafici.