Tsakanin «Dole» da «Ya Kamata»: Tarihin Kalmomin Wajibi a Siyasar Masu Magana da Ingilishi

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne, amma ba kowace kalma ce take ɗora wa mai faɗinta kaya iri ɗaya ba. Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin «dole ne» da «ya kamata», kamar yadda ɗalibin fiƙihu ya san bambancin wajibi da mustahabbi: wanda ya bar na farko ya yi laifi, wanda ya bar na biyu kuwa lada kawai ya rasa. Harshen Ingilishi ma yana da irin wannan tsani, kuma tarihi ya nuna cewa a kan ƴan ƙananan kalmomin nan ne ake rabon nauyi tsakanin mai mulki da talaka, da kuma tsakanin ƙasa da ƙasa.

Idan aka bi salsalar kalmomin, akasarinsu daga maganar bashi suka fito. Kalmar shall, a Ingilishin da ake yi shekaru 1000 da suka wuce, tana ɗauke da ma'anar «ana bi na», kuma danginta ce kalmar Jamusanci Schuld, wadda har yau take nufin bashi da laifi gaba ɗaya. Kalmar ought tsohuwar siga ce ta aikatau owe, wato kasancewa da bashi a wuya. Ita kuwa duty daga Faransancin Normandawa ta shigo, bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066; tushenta ɗaya da devoir da dette, shi ya sa take nufin haƙƙin da ya rataya a kan mutum, take kuma nufin kuɗin fito da ake biya a duwan. Must ce ta bi wata hanya dabam: da fari izini take nufi, sannu a hankali izinin ya rikiɗe ya zama tilas. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, yana faɗin wa ke bin wa bashi ne.

Misali mafi shahara ya faru a kan teku. Ranar 21 ga Oktoba 1805, kusa da Tarafalga a gaɓar Sipaniya, jiragen yaƙin Birtaniya 27 suka fuskanci jirage 33 na Faransa da Sipaniya. Kafin a gwabza, sarkin yaƙin ruwa Nelson ya so ya aika wa mutanensa saƙo da tutoci, cewa Ingila ta amince kowane mutum zai sauke nauyin da ke kansa. Hafsan da ke kula da tutocin, John Pasco, ya nuna masa cewa kalmar confides, mai nufin amincewa, ba ta cikin littafin alamomi, sai an jera ta baƙi bayan baƙi, alhali expects tana nan a shirye. Nelson ya yarda aka musanya. Ta haka yarda ta koma jira da sa ido: uwa mai amincewa da ɗanta ta zama mai bin bashi da ke tsaye a ƙofa. Ita kanta kalmar duty sai da aka jera baƙaƙenta ɗaya bayan ɗaya. Birtaniya ta yi nasara, Nelson ya mutu a ranar, kuma saƙon ya zama abin da ake koya wa yara a makarantu tsawon zamanai.

A fagen shari'a, shall ce ta yi sarauta. Tun a 1653 masanin nahawu John Wallis ya tsara cewa idan mai magana ya yi amfani da ita a kan kansa, labarin abin da zai zo ne. Idan kuwa ya ɗora ta a kan wani, umarni ce. Tsarin mulkin Amurka na 1787 cike yake da ita, kuma gyaransa na farko na 1791 da ita ya haramta wa majalisa yin dokar da za ta tauye ƴancin addini da na faɗin albarkacin baki. A nan an juya akalar bashin: hukuma ce ake bi, talaka ne mai bi.

Churchill ya ci moriyar fuskoki biyun kalmar. Ranar 4 ga Yuni 1940, bayan an kwaso sojoji kimanin 338.000 daga Dunkerque, ya tsaya gaban majalisar wakilai a Landan yana nanata we shall fight, yana lissafa inda za a yi yaƙin: bakin teku, filaye, tituna da tuddai. A nahawu, labari ne na abin da zai faru. A kunnen mai saurare kuwa rantsuwa ce. Da yake ya ce «mu», ya sa kansa cikin waɗanda za su biya bashin.

Bayan yaƙin duniya na biyu, kunnuwa suka fara ƙyamar muryar umarni. Masanin harshe Geoffrey Leech ya gwada rubuce-rubucen 1961 da na farkon shekarun 1990, ya tarar amfani da must da shall ya ragu ƙwarai a Birtaniya da Amurka, yayin da need to, mai nufin «akwai buƙata», take ƙara yaɗuwa. Wannan siga tana da daɗin ji, sai dai tana ɓoye mai umarnin, tana mai da wajibi kamar wata larura da ta faɗo daga sama. Su kuma masu tsara dokoki sun gaji da shall saboda alƙalai sun sha fassara ta ta hanyoyi dabam-dabam. A 2007 aka sake rubuta ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayyar Amurka, aka maye gurbinta da must a wurare da dama.

Duk da haka kalmar ba ta rasa dafinta ba. Ranar 12 ga Disamba 2015, a taron sauyin yanayi na Paris, wakilan Amurka suka lura cewa a sashe na 4, sakin layi na 4, na daftarin ƙarshe an rubuta cewa ƙasashe masu arziki shall, wato dole ne, su ci gaba da jagoranci wajen rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, alhali daftarorin baya should suka ce, wato ya kamata. Ga gwamnatin Obama, kalmar farko na iya tilasta kai yarjejeniyar gaban majalisar dattawa, inda ake buƙatar kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, kuma ƴan adawa ne ke da rinjaye. John Kerry ya tada maganar da shugaban taron, Laurent Fabius. Zaman ƙarshe ya yi jinkiri, daga bisani aka sanar da sauyin a matsayin gyaran kuskuren rubutu. Nassin Faransanci ma devraient ya ɗauka. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga wannan yarjejeniya, kuma manomin Sahel da makiyayinsa, waɗanda ba su da hannu sosai a hayaƙin amma suke ɗanɗana kuɗar fari da ambaliya, sun wayi gari da mustahabbi a inda aka kusa rubuta musu wajibi.

Wannan tarihi yana da amfani ga malamin makaranta da mai fassarar labarai a gidan rediyo. Wanda ya mai da should «dole», ya yi wa masu saurarensa alkawarin da ba a yi musu ba. Wanda ya mai da shall «za a yi» a cikin nassin doka, ya yafe bashin da ba nasa ba. Ɗalibin da aka koya wa rarrabe doit da devrait, da «tilas» da «ya dace», zai iya tambayar kowane jawabi abu uku: wa aka ɗora wa nauyin, wa zai bi shi bashin, kuma wane hukunci ke jiransa idan bai biya ba.