Ƙwaryar Goro da Na'urar Ɗan Bishop

Fataken Hausa na Zangon Kumasi da hannu suke ƙirga goro, kowane ɗari su kira shi ƙwarya. Race Course kuwa, kafin ya zama kasuwa, filin sukuwa ne. A irin wannan fili ne wata na'urar ƙirge ta yi suna.

George Julius, ɗan wani bishop na Angilikan, ya tsara ta domin ƙirga ƙuri'un zaɓe ba tare da maguɗi ba, amma hukuma a Ostareliya ta ƙi karɓa. Sai aka kafa ta a filin sukuwa na Ellerslie, a Niyu Zilan, a 1913. Duk tikitin da aka sayar, haƙoran ƙarfe su juya, su ƙara lissafi. Abin da aka ƙera don tsare gaskiya, ga shi ya ƙare a hidimar 'yan caca.